Wane sikeli mai araha ne zai iya da duwatsun tankin kifi?

Ɗan Karantina:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Iyayena da yayyena, shawara nake nema. Na haɗa tankin gilashi na kifin ruwan gishiri, tsawonsa santimita 120, faɗi 50, tsayi 60. Saura duwatsu. Mai shagon da zan saya a wurinsa a nan Jidda da kilo yake sayarwa, daga cikin baho mai ruwa yake tsamo su ya ɗora a kan sikelinsa da ke can ƙuryar shago, inda ko lambobin ba ka hangowa sosai. Ina so in mallaki nawa sikelin, amma kada ya wuce riyal 100, don gilashi da famfo sun cinye kuɗin. Na kicin ɗin Ummanmu kilo 5 ne iyakarsa, ga shi akwai wani dutse guda da raina ya kwanta da shi, da hannu biyu ma da ƙyar na ɗaga shi. Sannan a hawa na uku muke, tun ranar da aka hau da tankin haris, wato mai gadin ginin, yake harara ta. Ina so in san nauyin abin da nake ɗora wa ginin mutane.

Auta:
Wa alaikumus salam. Yaya, kifin da ba za a ci ba ake yi wa wannan hidima? Da kuɗin dutsen nan ka je kasuwar kifi ta Bangala da asuba ka sayo mana kifin najil, Umma ta soya, kowa ya sa maka albarka.

Hajiya Mai Kargo:
Rabu da Auta, ɗana. Awo dai sana'ata ce, kullum a Shara Mansur, a Makka, cikin auna jakunkunan mutane nake. Abin da kake nema shi ne ɗan ƙaramin sikelin jakar matafiya, wanda ake riƙewa a hannu, mai ƙugiya ko ɗamara a ƙasa. Yawancinsu kilo 50 suke ɗauka, kuma ba ya kai riyal 50, ko a shagon SACO, ko a kasuwar intanet ta Noon, ko a shagunan kayan tafiya. Da shi muke tabbatar da jaka ba ta haura kilo 23 ba kafin mai ita ya je filin jirgi ya sha kunya.

Amma ka lura da abu uku in za ka saya. Ka ɗauki mai ƙugiyar ƙarfe, mai ɗamarar roba da ɗan maɓallin filastik ba ya jure kaya mai nauyi. Ka duba batir, mai cin AAA ya fi mai ɗan batirin nan zagayayye kamar kwabo, don AAA kowace bagala, wato kantin unguwa, akwai shi. Na ukun shi ne wanda ke cin mutane: a jikinsa akwai maɓallin da ke juya awo daga kilo zuwa fam, wasu na China har da wani awo nasu da ake kira jin, wanda rabin kilo ne. Na sha ganin mace ta zo hankali a tashe wai jakarta ta kai 50, ashe sikelin a kan fam yake, kayan ko 23 ba su cika ba. Fam ɗaya giram 454 ne. Kafin ka karanta lamba, ka fara ganin kg a gefe.

Baban Hafsa:
Hajiya ta yi gaskiya, sai dai ni ban ga dalilin sayen komai ba. Babu gidan da ba sikelin auna mutum. Ka hau kai kaɗai ka rubuta, ka rungumi dutsen ka sake hawa, ka cire na farko daga na biyu. Suna ɗaukar kilo 150 zuwa 180. Halas.

Injiniya Yanbu:
Kawu, dabarar tana aiki, amma tana da iyaka, bari in bayyana wa yaron. Sikelin auna mutum na lantarki yana da na'urar jin nauyi guda huɗu, ɗaya a ƙarƙashin kowace ƙafa. In ka ajiye shi a kan kafet, wani ɓangare na nauyin yana bi ta jikin kafet ɗin, sai ya ba ka ƙasa da gaskiya. Dole a kan tayil mai shafe. Kuma kowane awo yana da ɗan kuskurensa, ka ga in ka auna sau biyu ka ɗebe, kuskure biyu ka tara. A kan dutse mai kilo 20 ba wata matsala ba ce. A kan dutse mai kilo 2 kuwa, rabin kilo sama ko ƙasa rubu'in dutsen ne ɗungurungum.

Akwai kuma wasu masu araha da ke riƙe awon ƙarshe a ƙwaƙwalwarsu. In sabon nauyi ya yi kusa da na baya sai su maimaita maka tsohuwar lamba, kai kuma ka ɗauka ai sikelin nan ba ya kuskure. Maganinsa ka sa wani yaro ya hau tsakanin awo da awo, ya goge abin da ya riƙe.

Abin da nake roƙo kada ka yi: ɗora dutsen kai tsaye a kan gilashin sikelin. Dutsen teku tsini gare shi ko'ina, gilashin nan kuwa in ya tashi fashewa gaba ɗaya yake tarwatsewa. In dole ne, ka shimfiɗa katako, ka bari ya koma sifili, sannan ka ɗora.

Baban Hafsa:
To Injiniya, ai ni ban ce ya ɗora a kan gilashi ba, rungumewa na ce.

Injiniya Yanbu:
Na ji, Kawu. Amma ka tuna jiƙaƙƙen dutse ne, ruwan gishiri na ɗiga a kan na'urar lantarki, shi kuma yana tsaye ba takalmi a kan gilashi mai santsi da kilo 20 a ƙirji. Kuma ba zai ɗauki sikelin banɗaki ya shiga da shi shagon mutane ya hau ba. Na Hajiya a aljihu yake shiga.

Ɗan Karantina:
Wannan ta ƙarshen ita ce ta fi damuna, a shagon nake so in auna kafin in biya. Hajiya, yaya ake rataya dutse a ƙugiya? Ba shi da hannu kamar jaka.

Hajiya Mai Kargo:
Buhun shinkafa, ɗana, irin na kilo 10 mai hannu biyu. Ka fara rataya buhun babu komai, ka danna maɓallin da ke mayar da shi sifili, sannan ka zuba dutsen. Kada ka yarda da bokiti, hannunsa waya ce da aka maƙala a filastik, tana fizgewa dutse ya sauka a kan yatsunka. Kuma kada ka ce sai ka cika kilo 50 a ɗauka ɗaya. Hannun mutum yana rawa, lambobi su yi ta tsalle, sikelin ya kulle a kan lambar da ya ga dama. Kilo 10 zuwa 15 a kowane ɗauka, ka rubuta, ka tara a ƙarshe. Babban dutsen naka kuwa, ku sa sandar ƙarfe ko ta katako mai ƙwari tsakanin kujeru biyu, ko ku rataya a jikin tsani, a bar shi ya tsaya cak da kansa.

Ni a wurin aiki babban sikelin ƙasa nake amfani da shi, mai faranti da sanda, mai ɗaukar kilo 300. Sabonsa ɗaruruwan riyal ne. Akan samu na hannu a dandalin gwanjo na Haraj ko a kasuwar Sawarik, amma wanda zai auna dutse sau ɗaya ko biyu a shekara, me zai yi da shi? Wurin ajiyewa ma aiki ne.

Ɗan Bur Sudan:
Salamu alaikum. Ni a kasuwar kifi na tashi, tun a Bur Sudan kafin in ƙetaro nan. Duk kuna maganar wane sikeli, ba wanda ya yi maganar yadda za a san sikelin gaskiya yake faɗa. Sabo a kwali ma yana ƙarya. Abin gwaji kuwa yana gidan kowa: ruwa. Lita ɗaya ta ruwan daɗi kilo ɗaya ce. Ka samu jarkar lita 5 irin ta Zamzam da ba a buɗe ba, ka rataya, ka ga 5 da ɗan abin da robar ta ƙara. Ka haɗa biyu, ka ga 10 da ɗoriya. Sannan ka gwada da babbar gorar nan ta na'urar sanyaya ruwa, lita 18.9 ce, da nauyin gorar za ta haura 19. Dalilin gwadawa a wuri uku, akwai sikelin da ke daidai a ƙaramin nauyi, yana hawa sama sai ya fara zamewa. In ka ga a kilo 5 ya yi daidai, a 19 ya ci rabin kilo, ka mayar wa mai shi tun rasit na hannunka.

Amma ni abin da ya tsaya mini a maganarka ba sikeli ba ne. Ka ce daga cikin ruwa yake tsamowa ya ɗora. Mu a sana'armu kwando sai ya tsane ake aunawa. Dutsen teku duk ramuka ne, ruwa yake sha ya ƙoshi. Kana biyan kuɗin dutse, ana auna maka ruwa.

Baban Hafsa:
A nan kam ba mu tare, ɗan'uwa. Kifi daban, rayayyen dutse daban. Abin da ya sa yake da tsada shi ne abin da ke raye a jikinsa da cikin ramukansa, ƙwayoyin halittar da ke cinye dattin kifi, su juya ammoniya mai kisa zuwa abin da kifi zai iya zama da shi. In ka ce sai ya bushe za a auna, a zafin Jidda, ka kashe abin da ka zo saya. Shi ya sa ko'ina jiƙe ake sayar da shi, a naɗe shi da jiƙaƙƙiyar jarida a kai gida da sauri. Kowa ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa. Kada mu sa yaro ya je ya yi wa mai shago kallon ɓarawo a kan abin da haka kasuwar take.

Ɗan Bur Sudan:
Ban ce ya bushe ba, Alhaji, tsanewa na ce. Tsakanin dutsen da aka tsamo yana zuba shaa aka jefa a faranti, da wanda aka girgiza aka ajiye minti biyu a kan raga, akwai kuɗi. Minti biyu ba ya kashe komai. Kuma ka duba farantin kansa, in ruwan wanda aka auna kafin kai yana kwance a ciki, kai za ka biya shi.

Baban Hafsa:
Minti biyu na yarda. Fiye da haka ban yarda ba.

Malam na Madina:
Allah ya saka muku da alheri. Neman a cika maka awo ba rashin kunya ba ne, sura guda aka saukar a kan masu tauye mudu, kowa a nan ya haddace ta tun yana yaro. Sai dai a yi shi da ladabi. Ka ce masa ka zo da naka ne don ka san abin da za ka ɗora wa tankinka, wanda kuma gaskiya ne. Ɗan kasuwar kirki ba zai ji haushi ba. Ko a hukumance, sikelin ciniki a ƙasar nan yana ƙarƙashin kulawar hukumar SASO mai kula da inganci da ma'auni, kuma haƙƙin mai saye ne ya ga lambar da ake karanta masa. Ka ce ya juyo maka da fuskar sikelin.

Ni tankina na ruwan daɗi ne, duwatsuna kuwa baƙaƙen nan ne na aman wuta, irin waɗanda suka kewaye Madina. Harrat Rahat da ke kudu da gari ta yi aman wuta a shekarar 654 bayan hijira, wato 1256, malamanmu na tarihi sun rubuta labarin wutar. Abin da zan ƙara shi ne kilo ba ya gaya maka girman dutse. Mai ramuka da yawa zai cika maka ido da kilo kaɗan, dutsen kogi mai sulɓi kuwa ɗan ƙarami ne amma kamar ƙarfe. Tun da da kilo ake saye, in duwatsu biyu girmansu ɗaya, ɗauki mara nauyin. Ka biya kaɗan, kuma ramukan su ne gidan ƙwayoyin da Baban Hafsa ya ambata.

Auta:
Malam, to me ya kawo wahala? Ga teku nan a bakin ƙofa. Ranar Juma'a mu ɗauki dabbab, 'yar motar kayan nan, mu je bakin teku a Abhur, mu cika buhu biyu kyauta, ba sikeli ba rasit.

Shugaban Zaure:
Auta, ko da wasa kada a sake kawo wannan a nan. Dokar muhalli ta ƙasar nan ta hana ciro murjani da duwatsunsa daga Bahar Maliya, akwai tara, kuma dakarun tsaron gaɓa ba sa barci. Murjani mai ƙashi yana cikin abubuwan da yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin halittun da ke fuskantar ƙarewa, ta sa wa ido a duniya baki ɗaya, shigo da shi ma sai da takarda. Mu da muke zaune da igama, takardar izinin zama, abin da ɗan ƙasa zai biya tara ya koma gida, mu yana iya zama tikitin tafiya. Wanda ke son ganin murjani ya je Fakieh Aquarium a bakin Kornish ya biya kuɗin shiga.

Ɗan Bur Sudan:
Gaskiya ne. Da can kam da shi ake gini. Tsofaffin gidajen Balad a nan Jidda da dutsen murjani aka yi su, haka na Sawakin a wajenmu. Duk wanda ya taɓa ɗaga guntun da ya faɗo daga irin ginin ya san bai kai nauyin da ido ke ba shi ba. Amma wancan zamanin ya wuce.

Ɗan Karantina:
Na gode iyayena. Saura maganar bene. Injiniya, na karanta cewa ana sa fam ɗaya na dutse a kowace galan ta ruwa. Nawa ke nan a nawa tankin, kuma ginin zai ɗauka?

Injiniya Yanbu:
Wannan lissafin mutanen Amurka ne. Galan ɗinsu lita 3.8 ce, fam kuma Hajiya ta faɗa maka, ka ga kusan kilo ɗaya ke nan a kowace lita 8. Tankinka 120 sau 50 sau 60, lita 360, zai ba ka kilo 45. Tsohuwar ƙa'ida ce, masu kiwo da yawa yanzu ƙasa da haka suke sawa don kifi ya samu wurin iyo, ruwa kuma ya riƙa zagayawa. Da dutse mai ramuka, 30 zuwa 35 ya ishe ka.

Yanzu ɗauki biro. Gilashi kowace murabba'in mita, kowane milimita na kauri, kilo 2.5 ne. Fuskoki biyar na tankinka sun kai murabba'in mita 2.64. In kaurin milimita 12 ne, gilashin kaɗai kusan kilo 80. Ruwan da zai shiga da gaske, bayan ka bar sarari a sama kuma dutse da yashi sun ci nasu wuri, wajen lita 290, ruwan gishiri kuma ya ɗan fi na daɗi nauyi, lita ɗaya kilo 1.025, ka ce kilo 300. Yashi mai kaurin santimita 3 a ƙasa, kilo 25 zuwa 30. Dutse 35. Ƙara teburin da ƙaramin tankin tacewa da ke ƙarƙashinsa da ruwansa. Ka haura rabin tan.

Ka lura da inda dutsen ya tsaya a lissafin nan. Kuma ko 35 ɗin ba duka yake ƙarawa ba, don duk dutsen da ya shiga sai ya kori ruwa daidai jikinsa. Kilo 35 na dutse zai kori lita goma sha wani abu, abin da ya ƙaru da gaske bai wuce ashirin da 'yan kai ba. Saboda haka in sikelinka ya yi kuskuren kilo ɗaya ko biyu, aljihunka ne zai ji, bene ko a jikinsa. Ba ka bukatar sikeli mai tsada don hankalin haris ya kwanta. Abin da kake bukata shi ne ka jingina tankin da bango, kusa da ginshiƙi in akwai, ba tsakiyar ɗaki ba, ba kuma a baranda ba. Daɓen kankare mai lafiya yakan ɗauki irin wannan a gefen bango, amma ni ban ga gininku ba. In tsohon gini ne mai tsatsa a rodi ko tsaga a silin na ƙasa, a samu wanda zai duba da idonsa, kuma mai gida ya sani.

Inda dutse ke yin ɓarna shi ne gilashin ƙasan tankin. Kilo 18 a kan tsini ɗaya, ko ƙwayar tsakuwa ɗaya ta maƙale tsakaninsa da gilashi, shi ke nan. Ka shimfiɗa ragar filastik a ƙasa, ka zaunar da duwatsun a kanta su kafu, sannan ka zuba yashi a kewaye. Kada ka ɗora su a kan yashi, akwai kifin da ke haƙa, ya rarake ƙarƙashi dutse ya kife a jikin gilashi.

Baban Hafsa:
Wannan ta yashi a rubuta ta da ruwan zinare. Kuma tun da kuɗi sun yi ƙaranci, ba dole duka 35 ɗin su zama rayayyu ba. Ka sayi mafi yawa busassu, sun fi araha kuma babu ruwan da za a auna maka, ka sa rayayye kilo kaɗan a tsakaninsu. Cikin makonni ƙwayoyin za su bazu. Sharaɗin shi ne haƙuri, kada ka sa kifi sai abin gwajin ruwa ya nuna ammoniya da nitirait, gubar da ammoniya ke komawa, sun koma sifili. Kwandon Ɗan Bur Sudan ma ya huta, rigimar tsanewa ta koma kan dutse biyu ko uku.

Malam na Madina:
Ga masu ruwan daɗi da ke karantawa, kada ku ɗauki wannan dutsen ku sa a naku. Ku ɗiga masa ruwan kal, wato binega, in ya yi kumfa dutsen farar ƙasa ne, zai sa ruwa ya yi tauri. Kifayen tafkin Malawi suna son haka, yawancin sauran ba sa so.

Ɗan Karantina:
Ga rahoto. Na sayi irin na Hajiya, mai ƙugiyar ƙarfe da batir AAA, canji ma ya dawo daga riyal 50. Jarkar lita 5 ta ba ni 5.1, babbar gora 19.6. Na je shagon na yi yadda Malam ya ce, mutumin dariya ma ya yi, shi ya riƙe mini tsanin. A kan busassun duwatsun, nasa sikelin da nawa sun zo ɗaya, bambancin bai kai giram 200 ba. Babban dutsen da ya tsamo nasa ya nuna 18.3, da muka bar shi a kan raga minti biyu ya dawo 17.6, a kan haka muka yi ciniki. Jimla yanzu kilo 33 ke gare ni.

Ɗan Bur Sudan:
Giram 700 a dutse ɗaya, Alhaji. Ka gani?

Baban Hafsa:
Na gani. Na kuma ga sikelin mutumin lafiyarsa ƙalau.

Hajiya Mai Kargo:
Ɗana, ka goge ƙugiyar da ruwan daɗi yau ɗin nan, ka cire batir kafin ka ajiye. Gishiri da laimar Jidda ba sa barin ƙarfe. In lokacin tafiya gida ya zo za ka neme shi.

Injiniya Yanbu:
Kafin ka zuba ko lita ɗaya, turo mini hoton teburin daga ƙasa, ina so in ga ƙafafunsa da inda aka yi walda. Ka sa ma'aunin magina mai kumfa a kan bakin tankin ta tsawo da ta faɗi, shi ma ka ɗauko mini hotonsa.